Kafin Ciki Ya Fito, Zuciya Ta Gama Ginuwa

Zuciyar ɗan Adam tana fara bugawa ne wajen kwana 22 da shigar ciki. A lokacin ba ta wuce ɗan siririn bututu ba. Daga nan sai ta lanƙwashe, ta rabu ɗaki huɗu, bangaye su tashi a tsakaninsu, manyan jijiyoyi biyu su murɗe, ɗaya ta nufi huhu, ɗaya ta nufi sauran jiki. Kafin a cika mako takwas an kammala wannan aiki. Duk abin da zai karkace a ƙirar zuciya, a cikin waɗannan makonni yake karkacewa, kuma ba ya miƙewa don an daina abin da ya jawo shi a wata na huɗu.

To, a garuruwanmu na bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno zuwa Suki, da ƙauyukan da ke cikin gonar Jazira, wace mace ce ke faɗin tana da ciki a mako na shida? Sau da yawa ita kanta ba ta tabbatar ba. In ma ta tabbatar, kunya ba ta barin ta ta furta, balle cikin fari. Uwar miji za ta lura da kasala da kwaɗayi, ta yi murmushi ta yi shiru. Maigida yakan zama na ƙarshen sani. Awo kuwa, in an je, sai ciki ya turo. Don haka gargaɗin da ma'aikatan gona da na asibiti ke yi, cewa mai juna biyu ta nisanci maganin feshi, yana isowa a makare, kamar a ja kunnen magini a kan tushe bayan an ɗora jinka. Abin da nake son magidanta da masu riƙe da ragamar gonakin nan su ji shi ne, in ana nufin kare zuciyar jariri, sai an kare duk macen da ke shekarun haihuwa, tana da ciki ko ba ta da shi, an sani ko ba a sani ba.

Yankin nan ya daɗe da sanin feshi fiye da kusan ko'ina a Afirka. An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonar Jazira domin audugar da masaƙun Ingila ke buƙata, gonar da daga baya, da aka haɗa da gonar Manakil, ta kai faddan miliyan biyu. Hausawa da Fulani sun riga madatsar zuwa. Wasu hanyar Hajji ta ajiye su, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Da auduga ta buƙaci hannu, hannunsu na cikin waɗanda suka share, suka nome, suka tsince ta. Kaɗan ne suka sami hawasha tasu, wato filin da hukumar gona ke ba manomi. Da yawa suka zauna a matsugunan leburori da ake kira kambo, a gefen tur'a, wato magudanar ruwan gona, wuraren da har yau galibinsu ba su da famfo, ba asibiti, ruwan shansu shi ne ruwan da ke ratsa gona. Gonar Suki ta zo daga baya, a farkon shekarun 1970, da injinan da ke jan ruwa daga kogi, ita ma auduga da gyaɗa, ita ma a kan tsarin Jazira.

Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa DDT a audugar Jazira, sau ɗaya a shekara. A shekarun 1970 aka miƙa wa kamfanonin magani, babbansu Ciba-Geigy na Suwizalan, kwangilar yaƙi da ƙwari a manyan sassan gonar, jiragen sama na zubo DDT da monokrotofos. Maganin ya kashe tsutsar auduga, ya haɗa da ƙwarin da ke cinye maƙiyan auduga, sai farin ƙuda ya sami fili, ya cika gona, ya bar auduga da danƙon da ya karya mata daraja a kasuwar duniya. Kafin ƙarshen shekarun an kai ga feshi sau takwas ko tara a kaka ɗaya. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan, kuma ana koyar da shi a jami'o'i a matsayin misalin yadda magani ke haifar da annobar da ya zo kashewa. Amma kusan duk abin da aka rubuta a kan auduga ne. Matan da ke ɗiban ruwa a tur'a sa'ad da jirgi ke wucewa, da waɗanda ke shiga tsintar auduga da goyo a baya, ba su sami wanda ya bi sawunsu da alƙalami ba sai can daga baya. An hana DDT a noma a farkon shekarun 1980, amma sinadari ne da ke zama a ƙasa da kitsen jiki shekara da shekaru, yana ratsa mahaifa, yana fita a nono. Ragowar magungunan da suka lalace kuma an bar su a rumbuna. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 a kan Sudan ya yi maganar waɗanda aka binne a Hasahisa, da dubban litocin endosulfan da suka tsiyaye cikin ƙasa a ma'ajiyar gonar Rahad da ke Fawu.

Wanda ya bi sawun matan shi ne wani likita ɗan Sudan, Taha El Tahir Taha, tare da Ronald Gray na Jami'ar Johns Hopkins. A 1989 da 1990 sun tattara bayanan haihuwa a tsakiyar Sudan, a asibiti da kuma ƙauyuka ta hannun ungozomomi, aka buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1993. A asibiti sun kwatanta uwaye 197 da suka haifi 'ya'ya babu rai da uwaye 812 da suka haifi lafiyayyu. A ƙauyuka sun kwatanta jarirai 36 da suka rasu a wajen haihuwa ko a makon farko da 1,505 da suka rayu. Abin da suka gano: macen da maganin feshi ya taɓa, haɗarin rasa jaririnta ya kusa ninki biyu a asibiti, ya haura haka a ƙauye, ga mata masu aikin gona kuwa ya zarce ninki uku da rabi. Wannan bincike bai duba zuciya ba, mutuwa kawai ya ƙidaya. Sai dai duk likitan yara ya san cewa mafi munin lahanin zuciya a kwanakin farko yake kisa, kuma a ƙauyen da ba na'urar hoton zuciya, jaririn da ya koma kafin suna ba wanda zai ce ga abin da ya ɗauke shi. A ce bai zo da kwana ba, a yi wa uwa ta'aziyya, a jira na gaba.

Maganar zuciya kai tsaye daga Amurka ta fi fitowa, domin can ana rubuta haihuwa, ana kuma bin diddigin lahanin da jarirai ke zuwa da shi. A yankin Baltimore da Washington an bi diddigin jariran da aka haifa da ciwon zuciya tsakanin 1981 da 1989. A 2001 masu binciken suka fitar da abin da suka gani game da wani lahani da manyan jijiyoyin nan biyu ke musanya gurbi, jini mai iska ya yi ta zagaye tsakanin zuciya da huhu bai isa jiki ba, jariri ya yi shuɗi tun ranar farko. Uwayen da suka yi mu'amala da maganin ciyawa a watanni ukun farko, haɗarin ya kusa ninki uku. Waɗanda suka yi da maganin ɓera, ya kusa ninki biyar. Da maganin ƙwari ba a ga alaƙa ba. Bayan haka an yi wasu binciken. Na kwarin San Joaquin a Kalifoniya, a 2014, ya auna kusancin gidan uwa da gonakin da aka fesa, ya tarar yawancin sinadarai ba su nuna komai ba, kaɗan daga ciki sun nuna. Wani da ya haɗa jihohi da dama, a 2015, bai ga ƙaruwar ciwon zuciya a dunƙule ba ga mata masu aiki da magani, amma ya ga alama a wasu nau'o'i, kamar huda a bangon ɗakunan sama.

Wajibi ne a faɗi wannan yadda yake. Ba a kai ga cewa magani kaza shi ke huda zuciya ba, yadda aka tabbatar a kan ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, ko baƙon dauron Jamus in ya kama mai ƙaramin ciki. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haifarsa da lahanin zuciya a duk faɗin duniya, har inda ba a taɓa feshi ba, kuma mafi yawansu ba a gano dalili. Auren zumunci, wanda ya yi ƙarfi a cikinmu, shi ma yana da nasa kason. Lahanin musanyar jijiyoyi kuma ba kasafai ba ne, wajen jariri ɗaya cikin dubu uku ko huɗu, ko an ninka shi uku bai zama ruwan dare ba. Uwar da ta haifi yaro mai huda a zuciya kada wani ya ɗora mata laifi don ta taɓa shiga gona.

Amma a dubi matan da aka yi binciken Baltimore a kansu. Ba'amurkiya ce da ta fesa wa ciyawar ƙofar gida magani daga kwalba mai rubutu, ko ta ajiye maganin ɓera a bayan firji, ruwanta na famfo, kayanta na shiga injin wanki. In har a kan wannan ɗan taɓi aka ga alama, me za a ce da matar da ke zaune da abin dare da rana? Na sha jin magidanta na cewa, "Ai iyalina ba sa fita gona." Gaskiya ne, a garuruwa irin Mai Wurno kulle na nan da ƙarfinsa. Sai dai maganin yana biyo maigida har ɗaki. Shi ya goya famfon feshi ya yi tumatir ko kuɓewa ko albasa a bakin kogi, ba safa ba takalmi, famfon na ɗiga a gadon bayansa. Ya dawo ya tuɓe rigar da ta jiƙe ya miƙa mata, ta tsoma hannu a kwanon wanki, wataƙila tare da zanen goyo. Ragowar maganin a ƙarƙashin gado ake ajiye shi, don kada yara su gani ko ɓarawo ya ɗauka, a ɗakin da ita ta fi kowa daɗewa a ciki. Jarkar da ta ƙare ba a yar da ita, jarka ce mai kauri mai murfi, a ɗauraye ta da toka a zuba ruwan sha ko man girki. Dawar da ke rumbu an barbaɗa mata hoda ko an jefa mata ƙwaya don gudun ƙwari, ita ke ɗiba, ita ke sheƙewa, ƙurar na tashi a fuskarta. Da dare a yayyafa wa ɗaki maganin gona saboda sauro, a rufe ƙofa a kwanta. Wannan na ƙarshe 'yan'uwanmu na Kano da Katsina sun san shi da sunan fiya-fiya, kuma duk abin da na lissafa, manomin rani na Kura da Kadawa zai gane gidansa a ciki.

Matar kambo kuwa, wadda ba ta da gatan kulle, duk wannan na kanta, ga kuma gona. Ita ke cirar ciyawa, ita ke tsintar auduga daga Janairu, bayan an yi watanni ana feshi, ita ke ɗiban ruwa a Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke shayar da hawasha, inda mai feshi ya wanke famfonsa da safe.

Akwai abin da ya sauya da ya sa nake ganin yau ta fi jiya haɗari ta wani gefen. A da, duk da ɓarnar jirgi, feshi na hannun hukuma. Mufattish, wato jami'in da ke duba gona, ya san ranar, masana ƙwari na cibiyar binciken noma ta Wad Madani sun san sinadarin, akwai takarda. Tun daga dokar Jazira ta 2005, da ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da yake so, da raunin da hukumomin gonakin suka yi, sai sayen magani ya koma kasuwa. Mai shago shi ne malamin gona, shi ke cewa a haɗa wannan da wancan, shi ke ɗura wa ƙaramin manomi rabin lita a kwalbar lemo ba suna ba gargaɗi. Audugar da aka sauya wa halitta, wadda ta shigo a 2012, ta rage feshin tsutsa, amma ƙwarin da ke tsotsar ganye ba ruwansu da ita. Sudan na da dokar magungunan ƙwari tun 1974, aka sabunta ta a 1994, da majalisar ƙasa mai yi musu rajista. Doka ce mai kyau a takarda, ba ta da ƙafar da za ta kai ta kasuwar Suki ranar kasuwa.

Sai ga yaƙi. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, Sinja da Suki suka bi a 2024, kafin soja su ƙwato su, Madani kuma a Janairun 2025. An washe rumbuna da ofisoshin gona, asibitoci sun tsaya, likitoci sun watse. Yanzu mutane na komawa, ana yashe magudanai, ana neman iri da taki da magani ta kowace hanya, kuma wanda ya ga yunwa ba zai tsaya karanta rubutun jikin kwalba ba. Ban ga laifin manomi ba. Wanda ya ce a daina feshi gaba ɗaya bai taɓa tsayawa a gonar tumatir da tsutsa ta shiga ba. Haka nan ban yarda a tsorata mata da gidan sauro mai magani ba, domin zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki kisa ne tabbatacce, kuma su Taha ɗin nan sun nuna yadda yake rage nauyin jarirai a wannan yanki. Abin da nake ja da shi shi ne a sake gina gonakin nan yadda aka gina su tun farko, ana lissafin kadadar auduga da buhun gyaɗa, ba a lissafin matan da ke zaune a tsakiyarsu.

Masu cewa a jira hujja tabbatacciya su tuna inda hujja ke fitowa. Tana fitowa ne daga wurin da ake rubuta haihuwa, ake ɗaukar hoton zuciyar jariri, ake ajiye tarihin feshi gona-gona. Yaron kambo sau da yawa ko takardar haihuwa ba shi da ita. In aka ce sai an tabbatar a Suki kafin a ɗauki mataki a Suki, an ce ke nan ba za a taɓa ɗauka ba. Kuma a auna nauyin ɓangarorin biyu. A gefe ɗaya, namiji ya wanke rigar feshinsa da kansa, nesa da tur'a, ya yi wanka kafin ya shiga gida, ya haƙa wa maganin wuri a wajen ɗakin kwana, ya huda jarkar da ta ƙare don kada kowa ya yi sha'awarta. Wannan ba ya cin fam ɗaya. A ɗaya gefen, yaro ne da ke kama nono ya saki yana haki, gumi na tsatsafo masa a goshi, ba ya ƙiba, yau limoniya gobe limoniya, in ya yi kuka leɓensa su yi duhu. A sha rubutu, a yi turare, a ce iska ce, a ce nono ne bai da kyau, har a kai ga likitan da zai sa abin sauraro ya ji ƙarar da ba ta dace ba. Daga nan sai tafiyar fiye da kilomita 300 zuwa Khartum. Cibiyar Salam da ke Soba, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, tana tiyatar zuciya kyauta, amma layinta ya haɗa marasa lafiya daga ƙasashe da dama, galibinsu masu ciwon bawul ɗin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Kuɗin mota da na zama da barin gona a tsakiyar kaka kaɗai sun isa su karya gida.

Shi ya sa nake ganin maganar nan ta maza ce kafin ta zama ta mata. An saba tara mata a ɗakin awo a yi musu lacca a kan abin da ba su suka sayo ba, ba su suka fesa ba, ba su da ikon cewa a fitar da shi daga ɗaki. Amarya ba za ta dubi mijinta ta ce, "Malam, wanke rigarka da kanka" ba. Limamin Juma'a na iya faɗa masa. Sarkin noma da shugaban ƙungiyar manoma na iya faɗa masa. Uwarsa ta fi kowa iyawa, kuma ita ce dama ta fara gane cikin. In Iya ta ce, "Ɗan nan, fitar min da kwalbar nan daga ɗakin yarinyar nan," an gama magana.

Hukumar gonar Suki da ta Jazira su ma akwai nasu da ba ya buƙatar tallafin waje. In za a yi feshi, da jirgi ko da mota, a sanar da ƙauye da kambo kwana ɗaya kafin ranar, a faɗi kwanakin da ba a shiga gonar, a bar tazara tsakanin inda ake fesawa da gidaje da magudanar da ake sha. Mai sayar da magani ya karɓi jarkarsa in ta ƙare, a mayar wa manomi ɗan wani abu a kai, jarkokin za su dawo da kansu. Sinadaran da duniya ta riga ta juya wa baya, irin endosulfan da aka sa a jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2011, da parakwat da Tarayyar Turai ta hana tun 2007, bai kamata rikicin yaƙi ya zama ƙofar shigowarsu ba. Ruwan sha na kambo kuwa, rijiyar burtsatse ɗaya ta fi lacca ɗari.

Ƙidayar da aka rasa ma akwai mai yin ta. Sudan na horar da ungozomomin ƙauye tun 1921, lokacin da Mabel Wolff ta buɗe makarantar Omdurman, kuma har yau daya, kamar yadda ake kiranta a can, ita ce ma'aikaciyar lafiyar da ke shiga gidan da namiji baƙo ba ya shiga. Da hannunsu aka yi rabin binciken 1989. Akwai ƙaramar na'ura da ake maƙala wa jariri a hannu da ƙafa bayan kwana ɗaya da haihuwa, ta auna iskar da ke cikin jininsa, tana kama da yawa daga cikin lahanin zuciya masu kisa tun kafin leɓe ya yi duhu, kuma batir take ci. A ba kowace ungozoma ɗaya, da littafi mai layi biyar: watan da aka haihu, jaririn ya zo da rai ko babu, abin da na'ura ta nuna, aikin uwa da na uba, da inda gidan ke ɗiban ruwa. Jami'ar Jazira da Jami'ar Sinnar suna da ɗaliban likitanci da za su iya tattara littattafan duk wata uku, su ɗora su a kan ranakun feshin da ofishin gona ya rubuta. A cikin shekara uku ko huɗu, ƙauyukan da ke tsakanin Suki da Sinnar za su sami lissafin kansu, wanda za su iya ɗauka su kai gaban hukuma a Sinja.